Ƙarfen Baba Haggai

Buhu goma sha huɗu! Ina tsaye a tsakiyar sito, Aaron yana kwancewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya buɗe sai ƙwari su taso mana a fuska. Waken matan unguwar Rikoto ne, farin wake mai manyan ƙwaya, wanda suka kawo mana ajiya kusan wata biyu da suka wuce. Yanzu in ka damƙo shi duk ya huhhuje, gari na zubowa ta tsakanin yatsu. Na ji kamar in zauna a ƙasa in ɗora hannu a ka.

Sunana Dinah. Ni ke kula da siton ƙungiyar manomanmu a nan Zuru, kuma ina da saurin fushi, ba sai wani ya faɗa muku ba. Amma ran nan ina da dalili. A watan Oktoba ƙungiya ta tura mu uku Birnin Kebbi bita ta kwana uku: ni, da Aaron mai ɗaukar kaya, da Baba Haggai mai karɓar kaya a bakin ƙofa. Aka koya mana ajiye wake ba tare da ƙwayar nan mai guba ba, wadda ake jefawa cikin buhu mutane su ci su kwana da ciwon ciki. Sabon buhun ruɓi uku ne, leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. Ka matse iska, ka ɗaure kowanne daban. Iska ba ta shiga, ƙwaro ya shaƙe ya mutu da kansa. Abu ɗaya malamin ya yi ta nanatawa har ya ishe mu: kar a huda, ko da ramin allura ne. Muka tafa masa, muka ci shinkafa da kaza, aka ba mu satifiket. Ni har gilashi na sa wa nawa na rataye a ofis.

Muka dawo na bi unguwa-unguwa da bakina ina cika wa mata baki cewa bana ba guba, ba ƙwari. Suka yarda da ni, suka sayi buhunan, suka cika a gida suka kawo.

"Anti, zo ki gani," in ji Aaron. Ya juye wani buhu ya ɗaga ledar sama wajen haske. Ga rami nan, ɗan ƙarami, ya ratsa leda biyun. Ya ɗauko wata, ga shi nan. Ta uku ma haka. Kuma duk a wuri ɗaya, kamar tafin hannu guda a ƙasan ɗauri.

"Ko ɓera ne?" Aaron ya faɗa yana kallon ƙasa.

"Ɓeran da ke awo kafin ya ciza? Kai dai Aaron, kar ka raina mini hankali."

Shi ma ya san ko wane ne, ni ma na sani.

Baba Haggai tsohon soja ne. Tare suka yi aiki da mahaifina, kuma ina ƙarama a bariki a kafaɗarsa nake kallon fareti. Da ya bar soja ya kama aikin sito, yau shekara ashirin da shida yana tsaye a wannan ƙofa. Yana da wani ƙarfe mai tsini, mai rami a tsakiya, irin wanda dillalan hatsi ke soka wa buhu su ciro 'yan ƙwayoyi su duba. Nasa ya sha hannu har yana ƙyalli. Buhu bai taɓa wuce shi ba sai ya soka, ya zuba a tafi, ya duba, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna.

Na fita na same shi yana sharar bakin ƙofa. Ban ma gaishe shi ba, Allah ya yafe mini.

"Baba! Ba tare muka je Birnin Kebbi ba? Ba kana layin gaba ba? Me malamin nan ya ce?"

Ya jingine tsintsiya. "Ya ce kar a huda."

"To me ka yi?"

"Na huda."

Kai, wannan amsa ta ƙara tunzura ni. Da ma ya yi gardama da na samu inda zan kama. Na yi ta faɗa, na ce ya kunyata ni, ya kunyata ƙungiya, na ce da wane ido zan kalli matan Rikoto. Sa'an mahaifina, ina ɗaga masa murya 'yan babur na wucewa suna waige. Ya bar ni har na gaji, sannan ya yi magana a hankali.

"Dinah, 'yata, malamin ya ce kar a huda. Bai ce mini yadda zan san abin da ke ciki ba. Buhu ya zo a ɗaure, ba na gani, in sa hannu in ce na karɓi wake? Shekarata ta biyu a nan wani ya kawo buhu goma, sama wake, ƙasa yashi da tsakuwa. Ranar da aka buɗe a gaban jama'a, ni aka ce wa ɓarawo. Ni, da na yi shekara ashirin da biyu da kaki ba a taɓa kulle ni a gadurum kan wani laifi ba. Tun ran nan ba abin da ke wuce ni ban ga cikinsa ba."

"Amma Baba, ramin fa?"

"Ai ina shafewa." Ya ɗaga babban yatsansa ya murza a iska. "Buhu in ka soka ka murza da yatsa, saƙar tana komawa ta rufe. Haka na yi wa kowanne. Na duba waje na ga ya rufe."

Gaskiya ne, buhun waje yana rufewa. Leda ce ba ta rufewa, kuma ita ba a ganinta. Sai na tambayi kaina, tun da muka dawo sau nawa na tsaya a ƙofar nan na ga yadda ake karɓar kaya? Ko sau ɗaya. Ina ofis ƙarƙashin fanka ina amsa waya. Kunya ta kama ni, fushin ya juyo kaina, na koma ciki.

Ran Alhamis kwamiti ya zauna. Ciyaman ɗinmu Alhaji Lukuman ne, babban manomi, asalinsa mutumin Jega, bakinsa har yau bai saki Kabanci ba. Ba mugu ba ne, amma ba ya son a ce abu ya lalace a ƙarƙashinsa. Mama Keziah, shugabar matan Rikoto, ta zo da waken a kwano ta ajiye a kan tebur, ƙwari na yawo a kai.

"Mi za mu jira?" in ji Alhaji. "An kai mutum makaranta, an biya mota, an biya masauki, ya dawo ya yi abin da anka hana shi. Ya tsuhwa. A sallame shi cikin mutunci, a kawo mai jini a jika."

Baba Haggai yana tsaye a bayan ɗaki, ya miƙe ƙyam, hularsa a hannu. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suna Legas da Kaduna. In aka raba shi da ƙofar nan, ban san abin da zai tashe shi da safe ba. Na miƙe.

"Ranka ya daɗe, in za a sallami wanda bai yi aikinsa ba, da ni za a fara."

"Ke kuma mi kika yi?"

"Ban yi komai ba, shi ne laifin. Kwana uku aka koya mana, shi kuma shekara ashirin da shida hannunsa na yin abu ɗaya. Na dawo na bar shi shi kaɗai da sabon buhu da tsohon aiki. An hana shi huda, ba a ba shi wata hanyar dubawa ba, ni kuma da ya kamata in lura ban leƙa ba. A ba ni wata ɗaya. In aka ƙara samun buhu ɗaya a jere da rami, ni da kaina zan rubuta takardar sallamarsa."

Aka yi ta ka-ce-na-ce. Mama Keziah ce ta raba gardama. Ta ja kwanonta ta ce, "Ni korar Haggai ba za ta mai da mini wake ba. Abin da nake so, wanda zan kawo nan gaba kar ya zama haka." Alhaji ya yi tsaki ya ce wata ɗaya, ko kwana ɗaya ba zai ƙara ba. Ƙungiya ta ɗauki nauyin asarar matan, aka tashi.

Washegari ƙarfe bakwai na ɗauko kujerata daga ofis na dasa a bakin ƙofa. Baba ya kalle ni ya ce, "Manaja, an sauke ki ne?" Na ce eh, an mai da ni kurtu a ƙarƙashinsa.

Muka zauna mu uku muka tsara abin da bita ba ta tsara mana ba. Daga yau ba mai kawo buhu a ɗaure. In ma ya zo a ɗaure, za a kwance. A shimfiɗa tamfol, a juye waken a kai, Baba ya sa hannu har gwiwar hannu ya motsa, ya tauna ya ji ko ya bushe, ya ga komai da idonsa. Sannan a duba leda a haske, a zuba, shi da kansa ya matse iska ya ɗaure. Ƙarfensa kuma ban karɓe ba, don masara da dawa har yanzu a tsohon buhu suke zuwa. Na dai ce in wake ya iso, ƙarfe ya koma kan taga.

Kowace safiya kafin manoma su fara zuwa mukan yi gwaji da buhu ɗaya, minti goma. A nan asirina ya tonu. Ni mai satifiket a gilashi, ashe ban iya ɗaurin ba! Na murɗa bakin leda na ɗaure, Baba ya danna buhun da gwiwa, sai ga iska na fita fuuu. Aaron ya yi dariya har da riƙe ciki. Baba ya karɓa, ya murɗa, ya lanƙwasa bakin ya koma ƙasa, ya ja igiya sau biyu. Ya danna, shiru. Ya ce haka suke ɗaure kayansu a soja in za su tsallaka kogi. Daga ran nan shi ke gyara mana ɗauri, ni kuma ina gadin hannunsa.

Kuma hannun nan yana buƙatar gadi, wallahi. Da an sauke buhu daga babur sai ka ga hannun dama ya tafi aljihu da kansa yana laluben ƙarfe. In ce, "Baba." Ya ce, "Na gani," ya mai da hannun baya. A rana sai mu yi haka sau goma. Manoma kuwa suka yi ta ƙorafi. Wani daga Dabai ya ce shi bai zo nan a yi masa tankaɗe ba, yana da gona tana jiransa. Na ce masa ga hanya nan, babu wanda ya ɗaure shi. Baba ne ma ya ba shi haƙuri, ya ja shi da hira har aka gama.

Rana ta tara muka yi tuntuɓe. An kawo masara da wake a mota ɗaya, ana ta saukewa, ni kuma waya ta ɗauke mini hankali. Baba yana bin buhunan masara yana soka, soka, soka, sai kawai na ji wata ƙara daban, ƙarar leda. Na yi ihu, "Baba!" Ya tsaya da ƙarfen a cikin buhun wake, yana kallon hannunsa kamar na wani ne. Na buɗe baki zan fara, sai na ga fuskarsa. Tsoro ne ƙarara a fuskar tsohon nan, kuma ni yake tsoro. Abin ya soke ni. Na haɗiye maganar na ce, "Aaron, kawo sabuwar leda." Baba ya juye buhun da kansa, ya sake zubawa, ya ɗaure. Bai shiga jere da rami ba, don haka ban rubuta komai ba. Daga ranar muka raba wurin saukewa, masara hagu, wake dama, da faɗin mota a tsakani.

A mako na uku sai in wuni ban ce "Baba" ba ko sau ɗaya. Na fara shiga ofis in bar shi awa guda, in fito in zagaya jere ina shafa kafaɗun buhu kamar mai neman ƙaya. Ban samu komai ba.

Saura kwana huɗu wata ya cika, aka aiko cewa ƙanwar mahaifiyata ta rasu a Dabai. Dole in tafi. Na ce wa Baba kwana ɗaya zan yi. Ya ce in je, Ubangiji ya ba mu haƙuri, in gaishe da mutanen gida. Can kuwa waya ba ta kamawa sosai, kuma a wurin jana'iza wa ke ta waya?

Da safe na hau babur na dawo kai tsaye sito. Tun daga nesa na ga abin da bai yi mini ba. Ƙofa a rufe, ƙarfe takwas saura. Baba Haggai yana zaune a kan dutse a gefe, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ga 'yar jakarsa a ƙasa. Aaron yana tsaye can nesa kamar an aiko shi da mugun labari.

Baba ya miƙe ya miƙo mini makullan sito a tafin hannu. "Ciyaman ya sallame ni jiya. Na ce ba zan ba kowa ba sai ke."

"An sami rami?"

"Babu rami."

Aaron ne ya ba ni labari. Jiya da hantsi Alhaji Lukuman ya iso da kansa da babbar mota, waken gonarsa buhu sittin, duk a sabon buhu, yaransa sun ɗaure tun a gona. Yana sauri, zai wuce Ribah ɗaurin aure. Ya ce a jera kawai. Baba ya ce sai an kwance an juye. Alhaji ya ce wakensa ne, ya san abin da ya zuba. Baba ya ce shi bai sani ba. Alhaji ya ce to ya soka biyu ko uku da ƙarfen ya gani, shi ya yafe, asararsa ce. Baba ya ce ba zai soka ba, kuma ba zai karɓa bai gani ba. Direba ya ce ba zai kwana da kaya ba, Alhaji kuma ya ƙi tafiya ya bar wakensa a kwance a hannun mutane. Haka aka shimfiɗa tamfol.

"Anti, awa biyar," in ji Aaron. "A buhu na ashirin Alhaji ya ce ya kore shi. Baba ya ce to, ranka ya daɗe, bari in gama waɗannan."

"Ya sami wani abu a waken?"

"Ko tsakuwa ɗaya. Wake tas."

Sai a lokacin na kalli hannun da ke riƙe da makullan. Yatsun sun kumbura sun yi suntum, igiya ta yanka gefen ɗan ali har ya yi jini ya bushe. Buhu sittin, kowanne ɗauri uku, kuma bai bar kowa ya taya shi ɗaurin ba.

"Yadda muka tsara na yi," in ji shi. "Ban san ko akwai wani tsari daban na manya ba. Ba ki faɗa mini ba."

Na fizge makullan. Na ce kar ya motsa daga nan. Ɗan babur ɗin da ya kawo ni bai yi nisa ba, na ƙwala masa kira. Duk hanyar gidan Alhaji ina haɗa maganganun da zan faɗa masa, masu zafi, irin waɗanda in ka faɗa sai ka nemi wani aiki. Na riga na yanke cewa in Baba ya tafi, ni ma na tafi.

Na same shi a zaure yana shan kunu. Ko zama ban yi ba.

"Ranka ya daɗe, mutumin da ka ce ba ya jin koyarwa..."

"Zamna, ɗiyata, zamna." Ya ɗaga hannu. "Kin san na rasa ɗaurin auren ɗan aminina? Awa biyar tsohon ga ya tsai da ni cikin rana kamar wanda ya zo neman taimako. Na ce mai ni ne ciyaman. Ya ce ya sani. Na ce na kore shi, bai ko ɗago kai ba. Ni tunda nike ba a taɓa yi man haka ba."

"Abin da aka koya masa ya yi."

"Ke bari in gama mana! Kullum kina gaba da magana." Ya kurɓi kunu. "Ina tsaye ina kallo yana danna buhunan da yarana sunka ɗaure kafin ya kwance. Rabinsu iska na hita. Nashi ko, na hau ɗaya da ƙahwata don haushi, ko motsi." Ya ajiye kofin. "Akwai sauran buhu arba'in a gona. Jibi za a kawo. Ki ce mai ya hito da wuri, kuma ban yarda kowa ya ɗaure min ba in ba shi ba."

"To ai ka kore shi."

"Cikin hushi ne. Ke ba ki taɓa hwaɗin magana cikin hushi ba?"

Na ce sai dai ya zo ya faɗa masa da kansa, a gaban Aaron da direban da aka kore shi a gabansu. Ya harare ni, ya ce zai zo da la'asar.

Na koma na tarar da Baba inda na bar shi, jakar na nan a ƙasa. Ya miƙe da ya gan ni, yana neman amsa a fuskata.

"Baba, buɗe sito. Rana ta yi, mutane za su fara zuwa. Jibi kuma akwai buhu arba'in na ciyaman, ya ce kai kaɗai za ka ɗaure."

Na sa masa makullan a hannu. Ya yi ƙoƙarin damƙewa, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, makullan suka faɗi ƙasa. Muka sunkuya tare, na riga shi ɗauka. Na buɗe ƙofar da kaina, na zura masa su a aljihun riga. Sai ya juya mini baya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na rawa.

Na ce wa Aaron ya je ya samo ruwan ɗumi da gishiri a gasa hannun nan. Ni kuma na shige can ƙarshen sito, bayan buhunan masara inda ba mai ganina, na yi kukana.